Tsohuwar taya ko katakon falet: wanne ya fi dacewa da komin kayan lambu?

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce kina da ɗan fili a bayan ɗaki, kina son shuka tumatir da latas da karas da 'yan furanni, ga shi an yi miki tayin abu biyu kyauta: tsofaffin tayoyin mota, da kuma falet, wato katakon nan da ake jera kaya a kansa a manyan sito da cikin kwantena. Kina tambayar wanne za ki ɗauka ki yi komi da shi. A ganina, duk abin da za a ci a shuka shi cikin katako, abin da za a kalla kuma a ba shi taya. Sai dai ba kowane katako ba, ita ma tayar da sharaɗinta.

In dai sauƙin aiki ake magana, taya ta yi gaba nesa ba kusa ba. Ki wanke ta, ki kwantar, ki yanke gefen da ke sama da wuƙa mai kaifi, ki cika da ƙasa, shi ke nan. Gefen taya roba ce mai laushi, in kina ɗan shafa wa wuƙar ruwan sabulu sai ta riƙa tafiya sumul. Kada dai ki kusanci wurin da ke taka kwalta ko bakin da ke kama ƙarfen wili, don nan akwai wayoyin ƙarfe a ciki, za su dakushe wuƙar, su kuma soke ki a hannu. Shi kuwa falet, banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin na Turai mai tambarin EPAL, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 80, nauyinsa wajen kilo 25, kuma ƙusa 78 ce ta riƙe allunansa 11 da gumagumansa 9. Ƙusoshin ma ba irin na kafinta ba ne masu santsi, zobe-zobe gare su, da gangan aka yi su don kada su fita. Wanda ya hau shi da guduma da ƙarfin tsiya, rabin allunan zai tsage. Abin da ya fi shi ne a sa zarton ƙarfe tsakanin allo da gungume a datse ƙusar, sannan a buga guntun ya fita ta baya. Ki sa safar hannu mai kauri, don sartse da ƙusa mai tsatsa ba abin wasa ba ne, kuma ki kwashe kowace ƙusa cikin gwangwani tun kafin yara su taka.

Wahalar nan kuwa tana biya, domin katako ke ba ki ikon zaɓen girman da kike so, taya kuma yadda ta zo haka za ki karɓe ta. Duba lambar da ke jikinta. In kin ga an rubuta 195/65 R15, to 195 ɗin nan faɗin tayar ne da milimita, wanda in kin kwantar da ita shi ne zurfin kominki, kusan santimita 20 ke nan. Ƙasar da za ta ɗauka wajen lita 50 ce. Wannan ya ishi latas da ƙananan ganyaye masu gajeriyar saiwa. Tumatir yana son santimita 30 zuwa 45, karas ma in ya taɓo ƙasa mai tauri sai ya lanƙwashe ko ya yi ƙafa biyu. Ana iya ɗora taya kan taya a sami zurfi, amma faɗin bai ƙaru ba, gindi ɗaya ko biyu kawai za ki samu. Da falet biyu kuwa za ki haɗa komi mai tsawon 120 da faɗin 80 da zurfin 30, ya ci ƙasa lita 288, kusan ninki shida na taya guda. Ki tsaya a faɗin da hannunki zai kai tsakiya ba sai kin taka ciki ba: kada ya haura santimita 120 in ana zagaya shi, 60 in ya jingina da bango.

Sai batun zafi. Baƙar roba tana shan rana, ta riƙe, ta miƙa wa ƙasar da ke ciki. A ƙasashe masu sanyi manoman lambu suna son haka a farkon shuka. Inda rana ke da ƙarfi kuwa, ki ɗora tafin hannu kan taya da azahar ki ji, sannan ki tura yatsa cikin ƙasar da ke manne da ita. Nan ne ƙananan saiwoyi suke, su ne kuma masu shan ruwa. Shi ya sa za ki ga an ba shuka ruwa da safe amma kafin la'asar ganyen ya yi laushi. Farin fenti yana rage wannan sosai, haka ma rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa. Katako bai cika ɗaukar zafi ba, ƙasa mai yawa kuma ta fi jinkirin bushewa.

Yanzu ga inda maganar take, wato abin da kowannensu ya ɗauko a jikinsa, tunda abinci ne za ki ba iyalinki.

Falet yana da wata falala da taya ba ta da ita: tarihinsa a rubuce yake a jikinsa. Tun shekarar 2002 akwai wata ƙa'ida ta duniya mai suna ISPM 15, a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ce katakon da zai tsallaka iyaka da kaya sai an kashe ƙwarin da ke cikinsa, an kuma buga masa hatimi. Ki duba jikin gumaguman, za ki ga zanen zangarniya, da haruffa biyu na ƙasar da aka yi shi, da lambar masana'anta, sai wasu haruffa biyun da su ne abin nemanki. In HT ne, gasa shi aka yi har zafin cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 aƙalla, ba a sa masa magani ba. Wannan shi ne naki. DB na nufin an ɓare ɓawon itacen, KD kuma an busar da shi a tanda, duk ba laifi. In kuwa MB kika gani, an turara shi ne da iskar metil buromaid, guba ce mai taɓa jijiyoyin jiki, tana kuma cikin abubuwan da ke ɓata rufin ozon na sararin sama, har Tarayyar Turai ta haramta amfani da ita a 2010. Wannan ki bar shi inda kika gan shi, kada ya zama komi, kada kuma ya shiga murhu.

Hatimi dai yana faɗin abin da aka yi wa katakon ne a masana'anta, ba ya faɗin abin da ya ɗauka daga baya. Falet mai HT na iya shekara yana dakon jarkokin maganin ƙwari ko gangunan mai. Don haka ki sa ido da hanci. Tabon mai, ko wani launi da ya malala, ko farin gari da ya maƙale a tsagu, ko wari mai hawa kai, kowanne ya isa ki ajiye shi. Wanda ba shi da hatimi sam, yawanci wanda ba ya tsallaka iyaka ne, kada ki ɗauka sai in kin san abin da aka ɗora masa. Masu fenti shuɗi ko ja kuwa galibi na haya ne, kamar shuɗayen kamfanin CHEP, suna da masu su ko da an same su a yashe, bai kamata a farfasa su ba. Haka nan in an haɗo miki da wani tsohon katako mai ɗan kore-kore, ki yi hattara, irin wanda aka jiƙa da magani mai sinadarin arsenik mai guba ne sau da yawa, wanda Amurka ta daina amfani da shi a ayyukan gida tun ƙarshen 2003.

Ita taya ba ta da mai kyau da marar kyau, duk haɗinsu kusan ɗaya ne. Ban da roba, akwai baƙin garin gawayi na masana'anta, da mayukan da ke sa ta laushi, da sinadarin zink wajen kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinta, da wani mai suna 6PPD da ake sawa don kada ta tsattsage. A 2020 masu bincike a Jami'ar Washington suka gano cewa shi 6PPD ɗin nan, in ya haɗu da iska ya rikiɗe, shi ne ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan da ruwan titi ke kwarara ciki. Gaskiya ne wancan ƙurar taya ce da mota ke gogewa a kan kwalta, kuma taya sukutum da ke kwance a lambu a hankali ƙwarai take sakin abin da ke cikinta. Wanda ya shuka a ciki damina ɗaya kada ya ɗaga hankalinsa. Amma komi ba na damina ɗaya ba ne. Rana na dukanta, ruwa na jiƙa ta, in kin shafa tsohuwar taya za ki ga baƙi a yatsanki, wannan baƙin cikin ƙasar yake sauka shekara da shekaru. Zink kaɗan shuka ke buƙata, in ya yi yawa ganye ya fara rawaya, musamman a ƙasa mai tsami. Abin da ya fi damuna shi ne karas da latas, ɗaya a cikin ƙasar yake kwance, ɗayan kuma ɗanye ake cinsa. Tunda ga katako mai tsabta a hannunki, ban ga dalilin da zai sa ki ɗauki wannan kasadar ba.

Inda katako ya faɗi ƙasa warwas shi ne wajen daɗewa. Mutane da yawa na zaton HT na nufin ba zai ruɓe ba, alhali gashin ya kashe ƙwarin da ke ciki ne a ranar kawai, bai hana gara ta zo gobe ba. Allon falet siriri ne, milimita 22 a irin na Turai, kuma yawanci itace ne mai laushi. In yana manne da jiƙaƙƙiyar ƙasa, 'yan shekaru kaɗan zai yi, inda gara ta yi yawa ma bai kai haka ba. Taya kuwa sai dai ki gaji da ita. Ana iya ƙara wa katakon kwana: ki ɗora shi kan jerin bulo ko duwatsu don kada ya taɓa ƙasa, ki shimfiɗa leda mai kauri a jikin bangon ta ciki amma ki bar gindin a buɗe ruwa ya wuce, ki kafa turaku a kusurwa huɗu da ɗaya a tsakiyar kowane dogon gefe, don jiƙaƙƙiyar ƙasa lita 288 ta kusa kilo 400, za ta turo allon ya yi ciki. Za a ba ki shawarar ki shafe shi da baƙin man inji saboda gara. Don Allah kada ki yi, gubar da kika guje wa ce kika dawo da ita da hannunki. Ran da allo ya ruɓe, ki cire ki sa wani, ruɓaɓɓen katako mai tsabta taki ne.

Akwai kuma sauro, wanda shi ma kan taya yake faɗawa. Yadda cikinta yake, in ruwa ya shiga, ko kin juya ta sai ya gangara ɗaya ɓangaren. Ga duhu, ga ɗumi, ba abin da sauro ke so kamar wannan, kuma mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo. Ta cikin tsofaffin tayoyin da aka yi safara daga Asiya ne sauron nan mai zanen fari da baƙi, mai yaɗa zazzaɓin dengi, ya shiga Amurka, aka gan shi a birnin Houston a 1985. Saboda haka duk tayar da za ta zauna a gidanki, ki huda gefen da ke ƙasa wuri huɗu ko biyar, ki danna ƙasa ta cika kowane lungu. Waɗanda ba ki kai ga aiki da su ba kuma su zauna ƙarƙashin rufi.

Kada wannan ya sa ki mayar da tayoyin duka. Akwai ayyukan da katako ba zai taɓa kamo su ba. Furanninki za su yi kyau a ciki in an yi musu farin fenti an jera su gefen bango. In filin yana da gangara, taya cike da dannanniyar ƙasa tana tare zaizaya, tana kuma yin matakala mai ƙarko. Da irin wannan dabarar ce wani mai zanen gine-gine, Michael Reynolds, ya fara gina bangon gidaje a jihar New Mexico tun shekarun 1970. In an naɗe ta da igiya aka ɗora faifan katako a kai, ta zama kujerar tsakar gida. Abu ɗaya ne ba a yi da ita ko ta ƙare, wato ƙonawa, don hayaƙinta guba ne, wutarta kuma da wuyar kashewa.

In falet ɗin da aka ba ki ya zamana duk MB ne ko masu tabo, taya kaɗai ta rage, to ki mayar da ita riga kawai: ki sa babban bokiti ko rabin jarkar da aka taɓa zuba abin ci a ciki, ki huda gindinsa, ki zaunar da shi a tsakiyar tayar, ki cike ratar da yashi. Tumatirin na cikin bokiti, saiwarsa ba ta taɓa robar taya ba, iska kuma ba za ta kayar da shi ba. Kafin ki sa a kawo miki kayan, ki je da kanki ki juya kowane falet ki karanta hatiminsa, yawanci yana jikin gungumen tsakiya ko na kusurwa a dogon gefen. Allah Ya sa albarka a shukar.