Google Docs: yadda muka kammala rahotonmu mu biyar

Zango ɗaya na yi a Jamus a shirin musayar ɗalibai, kuma abin da ya fi cin raina shi ne rahoto mai shafi 30 da aka ce mu biyar mu haɗu mu rubuta. Akwai ni, da Jamusawa biyu, da ɗan Sifen, da wata 'yar Koriya ta Kudu. Makon farko ta imel muke jefa wa juna fayil. Kafin ka ce kwabo mun tara kwafi bakwai, kowanne da sunan "na ƙarshe", ba wanda ya san wanne ne na gaskiya. Ɗan Sifen ne ya gaji ya buɗe mana Google Docs, manhajar rubutu ta intanet da mutane da yawa ke iya aiki a kan takarda ɗaya.

Ba sabon abu ba ne, tun 2006 Google ya sayi wata manhajar rubutu mai suna Writely ya mayar da ita Google Docs. Ni dai a da ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Asusun Gmail ya isa mutum ya shiga, kuma rahotonmu da hotunansa bai ci komai ba daga gigabait 15 da ake ba kowa.

Abin da ya saye ni shi ne tarihin gyare-gyare. Saura kwana huɗu mu miƙa, na buɗe da safe na ga babi na uku, wanda na kwana biyu a kansa, ya ɓace ɗungurungum. Gabana ya faɗi. Na shiga tarihin, sai ga komai a jere da rana da lokaci, rubutun kowa da launinsa. Ɗaya daga cikinmu ne ya goge shi cikin dare bisa kuskure, yana ƙoƙarin matsar da jadawali. Ban mayar da dukan takardar baya ba, don kada aikin da wasu suka yi bayan haka ya tafi. Na kwafo babin daga tsohon zubi na liƙa. Minti biyar ba ta cika ba. Daga ranar muka riƙa sa wa kowane zubi mai muhimmanci suna.

Tarihin nan ya yi mana wani amfanin da ban zata ba. Akwai wanda a wurin taro bakinsa ya fi na kowa kaifi, amma launinsa da ƙyar ake ganinsa a takarda. Ba mu yi cacar baki ba. Muka rubuta sharhi a gefen babin kammalawa, muka saka alamar @ da sunansa, aikin ya zama nasa a rubuce, saƙo ya same shi a imel. Ya yi shi kuwa.

Yanayin ba da shawara ma ya taimaka, tunda babu ɗan asalin Turanci a cikinmu. Kana gyara wa mutum jimla, shi zai karɓa ko ya ƙi, ba wanda ya ji an taka shi. 'Yar Koriyar ta koma gida kafin mu gama, tazarar awa takwas tsakaninmu a lokacin sanyi, sai ya zama muna barci tana aiki.

Kuskurena ɗaya: na shiga jirgin ƙasa da niyyar yin aiki, ban kunna damar aiki ba tare da intanet ba tun ina da sabis. Sai an kunna ta tukuna a Chrome. Awa uku na yi ina kallon taga.

Ranar miƙawa muka sauke shi a PDF, muka bi shafi-shafi muna duba ko jadawalai sun zauna daidai, muka tura saura minti 40.