Gilashin da ke tare wuta: abin da mai gini a Kebbi zai duba kafin ya biya kuɗi

Masu gina otal, asibiti mai zaman kansa, makarantar kwana ko rukunin shaguna a Birnin Kebbi, Argungu da Yauri sun koma son gilashi, har a bangon matakala da ƙofofin baranda. Ya yi kyau, kuma haske na shiga. Sai dai gilashin taga da aka saba da shi ba ya jimre wuta ko kaɗan. Da zarar tsakiyarsa ta fi gefensa zafi da kamar digiri 40, sai ya tsage, ya zube cikin 'yan mintuna, hayaƙi da harshen wuta su samu hanya. Wanda aka gasa don ya yi tauri, da masu sayarwa ke kira tamfad, ya fi shi juriya, amma shi ma ba gilashin wuta ba ne. A tandar da ake gwada gilashin wuta a cikinta, zafi kan kai kusan digiri 840 a minti 30, ya kai 945 a minti 60. Duk wanda ya ce maka kauri kaɗai ya isa, bai san kayan ba.

Dokar gine-gine ta ƙasa ta 2006 ta tanadi a raba gini ta yadda wuta ba za ta tsallaka daga sashe zuwa sashe da wuri ba, kuma hanyar fita ta tsira. Mai zanen gininka ne zai rubuta a jikin zane minti nawa kowane bango da ƙofa za su jure, kafin a kai wa hukumar raya birane ta jihar Kebbi (KUDA) da 'yan kwana-kwana su duba. Kar ka je kasuwa sai da wannan adadin a hannu. Bangon da aka tsara ya jure minti 60, in aka huda shi aka sa tagar minti 30, duk ya koma na minti 30.

Yawancin gilashin da ake shigo da shi yana ɗauke da haruffan ma'aunin Turai, EN 13501-2, kuma a nan ne zaɓin yake. E na nufin zai hana harshen wuta da hayaƙi mai zafi wucewa, amma hucin na ratsa shi. EW yana rage hucin, kada ya wuce kilowat 15 a kowace murabba'in mita ga wanda ke tsaye nisan mita ɗaya. EI kuwa yana tare zafin kansa: fuskar da ba ta kallon wuta ba za ta ƙaru da fiye da digiri 140 a matsakaici ba, ko 180 a wuri guda. Lambar da ke biye, 30, 60, 90 ko 120, mintuna ne.

Bambancin E da EI shi ne inda aka fi yin kuskure, domin E ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Gilashin E zai tsaya cak bai faɗi ba, amma hucin da ke fitowa daga gare shi ya isa ya kunna labule ko katifa a ɗaya ɓangaren, kuma mutum ba zai iya giftawa ta gabansa ba. Saboda haka ƙaramar tagar leƙe a jikin ƙofa, E ya wadatar. Dogon bangon gilashi a gefen matakalar bene, ko barandar da za a turo gadon majinyaci ta cikinta, ko ɗakin lura da injina a kamfanin casar shinkafa inda buntu da ƙura ke tare, wannan aikin EI ne, kuma ban ga dalilin yin ciniki a kai ba.

A rukunin E, mafi araha shi ne mai waya a ciki, kaurin milimita 6 zuwa 7. Yana tsagewa da wuri, wayar ce ke riƙe ɓaraguzan. Mutane na ɗauka wayar ƙarfi take ƙara masa, alhali raunana shi take yi, kuma in yaro ya faɗa masa da gudu yankan ya fi muni. A guje shi a makarantu da ƙasan ƙofa. Sai gasasshe na musamman irin su Pyroclear da Pyroswiss: garau yake, ba nauyi, amma gefensa ba ya son ko ƙwarzane, kuma in aka cusa shi cikin firam fiye da yadda takardarsa ta ce, yawanci milimita 10 zuwa 15, gefen zai zauna da sanyi tsakiya na zafi, ya fashe tun farko. Ba a yanka shi bayan an gasa, don haka awo ya zama daidai kafin a yi oda. Akwai kuma na borosiliket irin Pyran S, da na seramik, waɗanda ke kai wa minti 120.

EW da EI galibi falle-falle ne, an haɗa gilasai da wani sinadari garau a tsakaninsu. Wuta na taɓa shi fallen farko ya tsage, sinadarin ya kumbura ya zama farin kumfa mai tauri, ya rufe gani ya tare zafi. Pyrostop, Pyrobel da Contraflam duk 'yan gidan nan ne. Na EI 30 kaurinsa kamar milimita 15 zuwa 16, na EI 60 kamar 23 zuwa 25. Lissafa nauyi tun yanzu: murabba'in mita ɗaya na EI 60 ya haura kilo 50, don haka ƙofa na buƙatar maƙalai masu ƙarfi, bene kuma a tambayi injiniya.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Wannan sinadarin ba ya son zafi mai ɗorewa sama da kamar digiri 50, ba ya son hasken rana kai tsaye, ba ya son danshi. A bazarar Kebbi inuwa ma na haura digiri 40, balle gilashin da ke kallon yamma da la'asar. Abin da ke biyo baya shi ne ƙananan kumfa da hazo-hazo daga gefe suna cin tsakiya. In bangon waje ne, a nemi samfurin da aka yi don waje, mai falle mai tare hasken rana, a tabbata an juya fuskar da ta dace waje, a kuma yi masa rumfa. Haka wajen ajiya: bayan doguwar hanya daga Legas ta Kontagora da Yauri, kar a jingine akwatin a filin aiki rana na dukansa. A tsaye ake ajiye shi, a inuwa, a busasshen wuri. Tef ɗin da ke zagaye da gefensa ba na ado ba ne, shi ke hana ruwan damina shiga, kuma magina kan ɓare shi da kyakkyawar niyya.

Gilashin shi kaɗai ba shi da takardar shaida. Abin da aka gwada a tanda shi ne gilashi da firam da abin toshe gefe, a girma kaza. Alminiyam na narkewa a digiri 660, zafin da tandar gwaji ke kaiwa cikin kamar minti 10, don haka firam ɗin da mai alminiyam na unguwa ke haɗawa zai saki gilashin miliyoyi ya faɗo. Firam ɗin ƙarfe da aka gwada ake so, ko katako mai tauri a kaurin da takarda ta faɗa. Mai walda ya ƙera kwatankwacinsa bai wadatar ba, musamman ga EI, inda firam ɗin ma dole ya tare zafi. Ƙarƙashin gilashin a sa matashin da ba ya narkewa, ba roba ba, a bar masa ratar kamar milimita 5 ta buɗewa, a toshe da tef ɗin seramik ko mai kumbura maimakon silikon na banɗaki. Ƙofa kuma in babu abin da ke mayar da ita ta rufe da kanta, aikin banza aka yi.

Kafin ka biya, nemi rahoton gwaji mai lamba EN 1364-1 in bango ne, EN 1634-1 in ƙofa ce, ko BS 476 kashi na 22, tare da takardar SONCAP ta shigo da kaya. Duba girman da aka gwada: in naka ya fi shi faɗi ko tsawo, rahoton bai shafe ka ba. Kowane falle yana da tambari a kusurwa wanda ba ya gogewa, da sunan samfur da na kamfani. Sitika ba tambari ba ce. A girka shi yadda tambarin zai fito fili don masu duba gini.

In kuɗin EI ya yi nauyi, gara a rage girman gilashin da a sauka zuwa E. A ɗaga bulo da filasta zuwa ƙirji, a bar gilashin daga nan zuwa sama, sannan mai zane ya sake lissafin ya sa hannu.