Wasiƙa Daga Landan Kan Nafkin da Leda

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Allah ya ƙara mata lafiya.

Kin ce in aiko wa autarmu katan-katan na famfas kafin ta haihu, tunda a ganinki na nan ya fi kyau. Yana da kyau kam, ba ya yoyo. Amma ni kaina na rage amfani da shi, bari ki ji dalili.

A unguwarmu sai bayan mako biyu motar shara ke zuwa kwashe bola. Jariri kuwa yana ɓata shida zuwa takwas a rana. Ki lissafa abin da ke taruwa, ga wari idan aka shiga zafi. Wata maƙwabciyata Baturiya ce ta nuna min nata na ƙyalle. Wallahi Yaya, da na ɗaga shi sai na ga nafkin ɗin da Inna ta rene mu da shi, wanda take tafasawa a tukunya ta shanya a igiya. Bambancin kawai sun sa masa maɓallai a madadin fil, da wando mai hana jiƙewa. Guda ɗaya na saya fam 15. Wasu ƙananan hukumomin Landan har takardar rangwame suke ba mai jego don ta saya, saboda su ma sharar ta dame su.

Haka leda. Tun 2015 manyan shaguna a Ingila suka daina bayarwa kyauta, aka sa mata fene 5 (fene shi ne kwabon nan), a 2021 ta koma aƙalla 10. Yanzu za ki ga dattijo da kwat ɗinsa ya zaro jakar yadi daga aljihu. Duk sanda na gani sai in tuna kwatar ƙofar gidanmu da damina, da akuyar nan tamu da aka yanka aka tarar cikinta cunkus da baƙar leda.

Tishu mai danshi ma na bar shi. A 2017 an ciro wani dunƙulen maiƙo haɗe da irin wannan tishun daga magudanar unguwar Whitechapel a nan Landan, nauyinsa tan 130. Tsoffin zannuwana na yayyanka, su nake goge jariri da kicin, kowanne da launinsa don kada su cakuɗe.

Wahalar nan ita ce shanya. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, sai in jera su kan hita su kwana biyu da danshi. Ku kuwa kafin azahar sun bushe ƙarau. Na san ruwa da sabulu ba kyauta ba ne, kuma ba ku da injin wanki, shi ya sa zan haɗa wa autarmu nafkin ɗin da famfas kaɗan na dare da na fita unguwa.

Nafkin 20 na saya mata. Ki sa Inna ta koya mata ninkin. In kin samu mai tahowa, a karɓo min ragowar ƙyallayen atamfa wajen telanmu, jakar cefane nake so in ɗinka.

A gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki.