Sharhi: kayan haɗa jita da na saya, jikin ya yi, wuyan ne bai bushe ba

Da a watan Satumba na rubuta wannan sharhi, taurari biyar zan ba su ba tare da wani tunani ba. Gara da na dakata har hunturu ya shigo Jos, don sai da iskar nan ta busa na ga ainihin abin da aka sayar mini.

Kayan dai kun san su, irin waɗanda ake tallatawa a intanet: jitar lantarki samfurin Telecaster a warwatse cikin kwali, jiki daban, wuya daban, ƙarafuna da wayoyi a leda, kai ne za ka yi fenti ka haɗa ka saita. A tallar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa katakon busasshe ne, sai da ya bi ta injin busarwa kafin a sassaƙa shi. Saboda wannan maganar na cire kuɗina na biya.

Kwalin ya iso farkon Agusta, kuma awo na fara dubawa, domin fenti ana kankarewa a sake, amma ramin da aka fafe a karkace ya zauna ke nan. Daga nat, wato ɗan abin da tsirkiyoyi ke hawa a can kan wuyan, zuwa firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafunan da ke gicciye a wuyan) milimita 324 cif, rabin tsawon tsirkiya 648 kamar yadda ya kamata. Firet na farko yana kan 36.4. Ramin da gindin wuya ke zama faɗinsa 55.6, zurfinsa 16, kuma wuyan ya shige ya kama gam, har kana iya ɗaga jikin da shi ba ka ɗaura sukuru ko ɗaya ba. Na ja zare biyu daga nat zuwa jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, tazarar da ta rage a gefe da gefe iri ɗaya ce. Duk wanda ya taɓa fama da ramukan jaki da suka kauce da milimita biyu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A nan kam sun yi aiki, ba zan tauye musu haƙƙi ba.

Fentin naitiro na gwangwani na yi, irin fentin feshi da ake yi wa jita. Jikin na baswud ne, katako mai laushi marar manyan ƙofofi, saboda haka ba ya buƙatar ciko. Samfefa mai lamba 220, a goge da tsumma mai ɗan jiƙa don gashin katakon ya tashi, a bari ya bushe, sannan a bi da 320. Sila, wato shafin farko mai toshe katako, shafi biyu, launi uku, sai mai sheƙi shafi tara cikin kwana uku, hannu na nesa da katakon kamar santimita 20 zuwa 25. Wanda zai yi feshi a Jos cikin Agusta ya yi hattara da laima: tina, ruwan da ke tsinka fentin, tana tashi da sauri, fuskar fentin ta yi sanyi, ruwan da ke cikin iska ya maƙale a ciki, sai ka ga wani farin hazo ya rufe maka launi. Maganinsa a jira ranar da rana ta fito sosai, a yi tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu, a ɗan tsoma gwangwanin cikin ruwan ɗumi tukuna, kuma kada a labta shafi mai kauri. A waje ake yi, da takunkumin da ke tace tururin fenti, nesa da wuta. Bayan nan na rataye shi sati huɗu kafin na bi shi da samfefar ruwa 800, 1200, 2000, na goge har ya ɗauki ido. Bayan wuyan da gefunan allon yatsu su ma sun sha shafi huɗu marasa kauri. Ƙarshen Satumba na haɗa, na saita, jita ta yi daɗin hannu ƙwarai.

Sati na biyu na Disamba gefen wuyan ya fara karce mini tafin hannu. Kafin sabuwar shekara abin ya wuce karce. Ka ɗauki auduga ka ja ta a gefen allon daga nat zuwa gindi, kowane firet sai ya tsinci rabonsa, ka ga fararen zare rataye a bakin ƙarfe ashirin da biyu. Bakunan firet ɗin sun turo fentin da ke kansu, ya fashe ya ɓare ƙanana-ƙanana kamar ɓawon ƙwai. Aikin da na jira sati huɗu ya bushe, ga shi yana zuba a kan cinyata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Katako idan ya rasa ruwa a faɗi yake tsukewa, a tsawo kusan ba ya motsi, ƙarfen firet kuwa yana nan yadda aka yanke shi. Na auna allon a firet na 12: a Agusta milimita 52, tsakiyar Janairu 51.2. Wuyan da na ɗora a sikelin kicin ranar da ya iso ya nuna giram 590, yanzu da na cire makunnan tsirkiya na sake ɗora shi 546 ya nuna. Giram 44 na ruwa ke nan ya fita.

Na tura wa mai kayan hotuna da awon. Amsarsa cikin ladabi ta zo, da yallaɓai da ban haƙuri, amma abin da ya ce shi ne yanayin Jos ne, kowace jita haka take yi da hunturu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa. Na'urar auna danshi da ke ɗakin aikina tana haura kashi 80 a Agusta, da rana a Janairu kuma tana faɗuwa ƙasa da 20, alhali jita ta fi son tsakanin 45 da 55. Ko katakon da ya bushe sarai zai ɗan motsa a garin nan, masu kaɗawa a coci-coci da situdiyo duk sun san ɗan kaifin nan da ke fitowa a gefen wuya lokacin sanyi. Amma a ɗaki ɗaya, kan bango ɗaya, akwai wasu wuyan guda biyu da suka sha iska iri ɗaya, kuma ba wanda ya tsuke fiye da 0.2 a cikinsu. To me ya sa wannan ya ninka su sau huɗu?

Da fitowar firet ce kaɗai ma da na yi shiru, aikin rabin awa ne da magagari. Abin da ya ɓata mini rai shi ne murɗewa. Ka ɗora ido a kan wuyan ka hango gindinsa, sai ka ga kan ya ɗan juya ya bar layin jikin. Na sa kapo, wato abin matse tsirkiyoyi, a firet na farko, na danne tsirkiya a firet na ƙarshe, na zura siraran ƙarafunan auna tazara irin na makanikai a firet na 8. Ɓangaren babbar tsirkiya tazarar milimita 0.50, ɓangaren siririyar 0.10. Ya kamata su kusanci juna, a wajen 0.25. Rodin da ke cikin wuya, wato ƙarfen da ake ɗaurewa don miƙe shi, ba ya gyara irin wannan, shi gaba ko baya kawai ya sani. Ka ɗaure shi don ka rage cikin da ɓangaren manya ya yi, sai ɓangaren sirara ya bankare baya, tsirkiya ta kwanta a kan firet biyar na farko tana zizar banza. Ka sassauta, sirara su sami lafiya, manyan su tashi sama har danna su ya zama wahala. Ba kasafai sanyi ke murɗe katakon da aka busar aka bari ya huta kafin a sassaƙa ba. Wanda aka yanka da sauran ruwa a jikinsa, ko wanda jijiyarsa ta karkace, shi ne ke nemo kwanciyarsa bayan an gama aiki. Na duba ƙarshen gindin wuyan kuwa, layukan katakon a karkace suke tafiya, ba a tsaye suke ba, ba a kwance ba. Firet na 3 da na 7 da na 15 kuma sun ɗaga a baki, kana ƙwanƙwasa su da gindin ƙaramin ƙarfe ka ji ƙarar kwankwam maimakon ƙarar abu mai tauri.

Bambancin 0.4 ya fi ƙarfin a cinye shi daga saman firet, don tsayinsu duka bai wuce milimita 1.1 ba. Dole allon da kansa za a daidaita. Ga wanda irin haka ta same shi, kada ya yi gaggawa: a cire wuyan, a sassauta rodi har ya zama ba ya ja ba ya turawa, a rataye shi, a riƙa ɗora shi a sikeli duk sati sai nauyin ya tsaya wuri ɗaya sati uku a jere. Sannan a ɗumama kowane firet da ayan na solda na 'yan daƙiƙu, a ɗaga shi a hankali daga gefe ɗaya da filaya mai lafaffen baki. In aka fizge shi da sanyi, haƙoransa za su tafi da ɓarɓashin allo. A zana layukan fensir a kan allon duka, a manna samfefa 120 a jikin katakon guga mai lanƙwasar inci 9.5, a riƙa ja daga wannan kai zuwa wancan, ana ɗan ƙara nauyin hannu a kusurwa biyun da suka tashi, har fensirin ya ɓace ko'ina lokaci guda. Sai 220, sai 320.

A nan ne wani sabon takaici ya fito. Tallar ta ce allon na rozwud ne, wani katako mai duhu. Guga biyar na yi baƙin ya tafi, wani katako mai ruwan ƙasa fari-fari ya bayyana a ƙasa. Rini aka yi masa. Tun da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da itatuwa masu neman ƙarewa, ta tsaurara cinikin rozwud a 2017 kamfanoni da yawa, har da manya, suka koma wasu itatuwan, kuma ko bayan an sassauta wa kayan kiɗa a 2019 wasu ba su dawo ba. Ba abin kunya ba ne a yi amfani da wani katako. A faɗa wa mutum gaskiya kawai ya san abin da yake saye. Da na sani, da na leƙa kasuwar Katako na zaɓi tsohon yanki da idona, wanda ya riga ya ci hunturu biyu ko uku a rumfa.

Bayan guga ramukan firet sun rage zurfi, sai a bi su da zarto mai kaurin milimita 0.58 a mai da su yadda ƙafar firet za ta shige ba ta taɓa ƙasa ba. Sabuwar wayar firet a lanƙwasa ta fiye da allon kaɗan, a buga bakuna biyu tukuna sannan tsakiya, da guduma mai kan roba ko tagulla, wuyan na kwance kan buhun yashi ƙarami. Ɗigon sufa gulu mai ruwa-ruwa a kowane baki, ya tsotsu ya shiga ƙarƙashi. A yanke, a goge bakunan su yi daidai da katako, a kwantar da su kamar digiri 35. A rufe allon da salatif na takarda, a shafa tawadar alƙalamin maka a saman kowane firet, a bi da miƙaƙƙen ƙarfe mai samfefa 320 har makar ta gushe a dukkansu, a sake shafawa a zagaye saman da magagari har ya rage siririn layi a tsakiya. Daga nan 600, 1000, 2000. Kwana biyu cur aikin ya ci, ban da kuɗin waya.

Da na mayar na ɗaura tsirkiya mai lambar kauri 10 zuwa 46, wadda jan ta gaba ɗaya ya kai kilo 46 ko kusa da haka, sai na bi saiti a jere yadda ake yi, don kowane mataki yana taɓa na bayansa. Rodi tukuna, da alanki mai lamba 4, kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, a bar shi ya zauna kafin a ƙara, har tazarar ta tsaya 0.25. Yanzu ɓangarorin biyu 0.25 da 0.20 suke. Sai tsayin tsirkiya a jaki, milimita 1.6 a firet na 17, na ɗan ƙara wa babbar zuwa 1.8. Sai nat: ka danne a firet na 3, tazarar da ta rage a kan firet na farko kada ta wuce kaurin takarda. Nat ɗin da suka sa na roba ne mai rami a ciki, ramukansa kuma sun yi sama har sautin firet na farko yana haurawa, na jefar da shi na sassaƙa na ƙashin saniya. Daga ƙarshe daidaita sauti a firet na 12: in ya haura, a ja sirdin jakin, inda tsirkiyar ke zaune, baya, in ya gaza a turo shi gaba.

Gaskiya rodin nasu mai kyau ne, gaba da baya yake aiki, ba ya cijewa. Sautin kuma ya fi kuɗinsa, fikof ɗin jaki, wato na'urar ɗaukar sautin da ke kusa da jaki, yana da kaifin nan da ake nema a wannan samfuri, na wuya kuma ba ya dusashewa. In kana kaɗa ta yanzu sai ka ji kamar ka yafe musu, har na fara tunanin ba su taurari huɗu.

Amma sai hannuna ya bi gefen wuyan ya ji inda na yi facin fenti. Naitiro yana narkewa cikin tsohon shafi, facin ya kama, sai dai a hasken rana layin yana nan ana ganinsa daga nat har gindi. Wanda ya sayi kayan nan don ya fara koyo ba shi da katakon guga, ba shi da zarton firet, ba zai ma san abin da ya sami jitarsa ba, zai ɗauka hannunsa ne bai iya ba. Kuma wanda ya saya da damina ba yadda zai gane, domin laimar Agusta tana rufa wa ɗanyen katako asiri har sai lokacin mayar da kaya ya wuce. Mai kayan har yau bai ce zai musanya wuyan ba, bai kuma gyara kalmar busasshe da ta rozwud a tallarsa ba, jiya ma na duba.

Taurari biyu na ba su, kuma don jikin da rodin ne. Wanda ya riga ya saya, ya yi wa jikin fenti abinsa, amma wuyan ya rataye shi ba fenti ba tsirkiya, yana ɗora shi a sikeli, har ƙarshen Fabrairu.