Gargaɗi ga masu jinya a asibiti: ku kula da masu zuwa da sunan gidauniya

Assalamu alaikum jama'a. Don girman Allah duk wanda yake da mara lafiya kwance a asibiti, musamman ɓangaren ƙashi, ya tsaya ya karanta wannan, kuma ya tura wa ƴan uwansa. Na daɗe ina jin nauyin faɗa, amma jiya na ji an sake yi wa wata baiwar Allah irin abin da aka yi mana, sai na ga shirun nan ba alheri ba ne.

Mahaifinmu mota ce ta buge shi yana tsallaka titi zai dawo gida bayan magariba. Ƙashin cinyarsa ya karye, ƙugu ma ya taɓu. Da farko wasu suka ce a kai shi wajen mai ɗori, amma da aka ɗauki hoton ƙashin likita ya ce wannan sai tiyata, sai an saka ƙarfe. Aka rubuta mana kuɗin aiki da na ƙarfe da na jini da magani, wallahi da na ga takardar sai da na nemi waje na zauna. Umma ta sayar da ɗan kunnenta, ni na sayar da babur ɗina, Yayarmu ta karɓo adashinta tun kwananta bai zo ba, duk da haka ba mu kai ba.

Kwananmu shida a ɗakin sai ga wani mutum ya shigo lokacin ziyara da yamma. Farar shadda, hula zanna, katin shaida a rataye a wuya, da jaka a hammata. Gado-gado yake bi yana sannu yana addu'a. Da ya zo wajenmu ya durƙusa har ƙasa ya ce “Baba sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne”, ya ajiye lemo da naira dubu biyu a gefen filo. Baba har ƙwalla ya yi yana sa masa albarka. Wannan durƙuson shi ya cinye mu, don duk wanda ya ga yadda ya riƙe hannun tsohon nan ba zai kawo komai a ransa ba.

Ya ja ni waje ya ce “ƙanina, nawa ya rage muku?” Na faɗa masa. Ya ce shi wakilin gidauniyar wani attajiri ne da ba ya son a ambaci sunansa, suna biya wa marasa ƙarfi kuɗin tiyata, kuma saura gurbi biyu kacal a wannan watan, in muna so sai mu yi sauri. Ya fito da fom mai tambari, ya ce dubu goma sha biyar ne kuɗin fom. Na bayar. Washegari ya ce ofishinsu na Abuja suna son dubu arba'in na tantancewa, za a dawo da ita tare da tallafin. Na tura, kuma a lokacin na lura sunan da ya fito a asusun na mutum ne ba na wata gidauniya ba, na tambaye shi ya ce ai akawun ɗinsu ne, na yi shiru saboda ina tsoron kar ya ji haushi ya ba wani gurbin. Ya ɗauki hoton Baba da bidiyo, ya ɗauki hoton takardun asibiti, wai za a saka a fayil.

Kwana biyu bayan nan aka kira Yayata, wata mace ce da murya mai daɗi, ta ce an amince da sunan Baba, yanzu za a turo kuɗi, amma sai ta karanto lambobin katin ATM ɗinta da lambar da za ta shigo wayarta. Yaya tana tsaye a layin karɓar magani, hankalinta rabe, ta karanta musu. Ko minti biyar ba a yi ba alat ya fara shigowa, ba na shigar kuɗi ba, na fita. Kuɗin adashin nan da gudummawar da dangi suka haɗa, kaf. Muka kira mutumin waya a kashe, a WhatsApp ya yi bulokin ɗinmu.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne. Bayan kamar mako uku wani abokina ya turo min bidiyo a Facebook ya ce wannan ba Babanku ba ne? Shi ne, kwance da ƙafa a ɗaure, an canza masa suna, an rubuta wai ba shi da kowa, ƴaƴansa sun gudu sun bar shi, a taimaka fisabilillahi, ga lambar asusu a ƙasa. Mu da muke kwana a kan tabarma a baranda sauro na cinmu! Mutane suna ta turawa suna tsine mana. Har yau ban bari Baba ya ga bidiyon nan ba.

To ku ji abin da na koya da tsada. Mai niyyar biya maka kuɗin asibiti ba ya fara karɓar kuɗi a hannunka, ko sunansa kuɗin fom ko na rajista ko na tantancewa. Masu taimako na gaskiya sun zo mana daga baya, abin da suka yi shi ne suka karɓi takardar kuɗin suka je wajen biya na asibiti da kansu suka kawo mana rasit. Kuma don a turo maka kuɗi lambar asusunka kawai ake buƙata, mai lamba 10 ɗin nan. Duk wanda ya tambayi lambobin jikin katinka, ko lambar sirri, ko lambar da banki ya turo ta saƙo, ko BVN, ɓarawo ne, ko da ya ce daga bankin yake. In kuma an riga an cire, kar ka tsaya kuka, ka toshe asusun nan take ka garzaya banki ka rubuta ƙorafi sannan ka kai wa ƴan sanda. Mu mun ɓata kwana guda muna jiran ko zai kunna waya, na yi nadamar wannan kwanan.

Akwai kuma masu cewa za su yi maka katin inshorar lafiya yau-yau ya biya tiyatar gobe. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin NHIS a 2022, tana da ofisoshinta, jihohi ma suna da nasu hukumomin kamar KSCHMA a Kano, can ake zuwa da ƙafa a yi rajista, ba a baranda ake sayar da ita ba, kuma sabuwar rajista tana da lokacin jira kafin ta fara aiki. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen walwalar marasa lafiya, ku tambayi nas ɗin da ke kula da ɗakin ta nuna muku. Mu ba mu san da shi ba sai bayan an cuce mu. Da na nuna musu fom ɗin mutumin, matar da ke wajen ta ce ba su taɓa jin sunan gidauniyar ba, kuma ba mu ne na farko da suka zo da irin wannan takardar ba.

Kar kuma ku bari baƙo ya ɗauki hoton mara lafiyarku ko takardunsa, duk daɗin bakinsa. In neman taimako za ku yi ku yi da kanku, ta hannun limamin unguwa ko mai unguwa ko wanda kuka sani ido da ido.

Alhamdulillahi an yi wa Baba aikin, masallacin unguwarmu da abokan kasuwarsa ne suka cike abin da ya rage, har yanzu muna biyan bashin wasu a hankali. Ya fara takawa da sanda zuwa ƙofar gida. Wani lokacin yakan tambaye ni ina yaron kirkin nan mai farar shadda da ya kawo masa lemo, sai in ce masa Baba ya yi tafiya. Wanda ya ci karo da bidiyon nan don Allah kar ya tura ko sisi, ya kai ƙarar shafin a rufe shi.