Gidan ɗaga ƙarfe ko tsakar gida?

Ƙanena da ka tambaya ko ka biya kuɗin gidan ɗaga ƙarfe ko ka fara a gida, har ka ce kana farawa kana bari, ga yadda nake ganin su biyun.

Gida ba ya cin ko dala. Tsuguna-tashi da dafa ƙasa ka tura jiki sama sun ishi sabon shiga. In kana son nauyi, ga jarka: litar ruwa kilo guda ce, jarkar lita 25 kuwa ba abin wasa ba ce. Kada ka cika ta ranar farko. Zuba rabi, duk mako ka ƙara lita ɗaya. Wannan ƙarin kaɗan-kaɗan shi ke gina ƙarfi, shi ya sa na fi son jarka a kan gwangwanin siminti da samari ke haɗawa a bakin sanda, wanda nauyinsa ba ya canzawa, wani lokaci ma gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Aibin gida dai, ranar da ka kwanta ba mai cigiyarka.

Nan gidan ƙarfe ya fi. Kilo a rubuce yake, akwai mai gyara maka baya kafin ka ji ciwo, kuma in ba a gan ka ba za a kira. Ƴan kokowa ma da ke shirin takobi, kambun gasar kokowa ta ƙasar Nijar, tun zamanin Kantu da ya fara kawo shi Maradi a 1975, da abokin karawa suke shiri. Sai dai akwai kuɗi da nisa, ga gasa: ka ga ƙato ya ɗaga, kai ma ka ce sai ka gwada.

Ko a gida ko a gidan ƙarfe, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi motsa jiki na gina ƙarfi kwana 2 a mako, ko fiye. Ka bar kwana guda tsakani. Ciwon jikin da ke tsananta a kwana na biyu ba rauni ba ne, yana wucewa, kuma ƙarfi na riga madubi nunawa da makonni. Wajen abinci, wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli da nono sun wadatar. A zafin Afrilu da Mayu, ka motsa jiki bayan sallar asuba kawai.

Tunda bari ne ciwonka, ni dai ka fara da jarka, amma a gidan aboki, ku tsai da Litinin da Alhamis. In kun yi wata biyu ba fashi, sai ku je ku biya tare.