Sharhi a kan busasshen abincin iguwana mai tambarin "cikakken abinci"

Na daɗe ina jinkirta wannan sharhi domin ban so in rubuta shi cikin ɓacin rai, amma yanzu da iguwanata, wato wani babban ƙadangare mai cin ganye da nake kiwo, ta fara hawa reshenta da ƙafafunta bayan makonni bakwai tana jan ciki a ƙasan keji, ina ganin zan iya faɗin abin da ya faru ba tare da na zalunci kowa ba. Abin da na saya shi ne busasshen abincin nan mai 'yan ƙwayoyi kore da ja da ruwan ɗorawa, wanda ke zuwa a doguwar roba mai murfi, kuma duk mai kiwon iguwana ya san irinsa. A gaban robar an rubuta da manyan haruffa cewa cikakken abinci ne na yau da kullum, kuma wannan rubutu shi ne ya ja ni.

Tsanwa, haka nake kiranta, koriyar iguwana ce mai shekara biyu. Wanda bai taɓa kiwon wannan halitta ba ba zai gane wahalar ciyar da ita ba. Ba ta tauna abinci, haƙoranta masu kama da bakin zarto yanko ganye kawai suke yi ta haɗiye, don haka kowace safiya sai an wanke ganye an yayyanka shi ƙanana, an gurza mai tauri, sannan a kwashe ragowar kafin ya lalace. Da aiki ya yi mini yawa, sai na ga robar nan tamkar an sauke mini kaya. A makon farko ina haɗawa da ganye, a na uku na rage, kafin wata na biyu ya ƙare kuwa na daina yanka ganye gaba ɗaya. Ita ma ta karɓe shi hannu bibbiyu, musamman jajayen ƙwayoyin, waɗanda take tsincewa ɗaya bayan ɗaya kafin ta waiwayi sauran. A lokacin har tauraro biyar, wato cikakken maki, na ba abincin, kuma ina jin kunyar hakan a yau.

A cikin wata na huɗu na lura cinyoyinta na baya sun yi kauri, sai na yi murna, a zatona ƙiba ce da ƙarfi. Wata safiya na ga yatsunta suna ɓari kamar mai jin sanyi, bayan kwana biyu kuma ta yunƙura za ta hau reshe ta zamo ta faɗo, ta kwanta a wurin ba ta sake gwadawa ba. Da na ɗauke ta na taɓa haɓarta, sai na ji muƙamuƙinta na ƙasa yana lotsawa a ƙarƙashin yatsana kamar roba. Ban taɓa jin tsoro a kan wata dabba irin na wannan rana ba.

Likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙasusuwanta, ya kuma ɗebi jini. A hoton, ƙasusuwan ƙafa sun fito dishi-dishi, da ƙyar ake bambanta su da naman da ke kewaye da su, kuma kaurin da na ɗauka ƙiba ce ashe kumburi ne da jiki ke yi a kewayen ƙashin da ya raunana domin ya tallafe shi. Ya bayyana mini cewa iguwana na bukatar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, ya ninka sinadarin fosfaras sau biyu a abincinta, kuma idan ma'aunin ya juye, jiki ba ya jira, sai ya riƙa zuƙe kalsiyam daga ƙashi yana zubawa a jini har ƙashin ya yi laushi. Gwajin jinin ya nuna fosfaras ya hau, yurik asid, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, shi ma ya hau. Daga nan ya tambaye ni abin da nake ba ta, na fito da robar daga jaka cikin alfahari, shi kuwa ya juya bayanta ya ce in karanta jerin kayan haɗin da ƙarfi.

Ban taɓa karanta shi ba sai ranar. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma abin da ke kan gaba shi ne garin masara, sai dusar alkama, sai garin waken suya. Busasshen ganye na can ƙasa, kusa da sinadaran launi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne garin kifi da na gani a na biyar. Iguwana ba damo ba ce, duk da kamannin da wasu ke gani a tsakaninsu. Damo nama da ƙwari yake ci, ita kuwa a dazuzzukanta na asali, daga Meziko har zuwa Barazil, ganye da fure da ɗan 'ya'yan itace take ci a saman bishiya, kuma ƙwayoyin bakteriyar da ke ƙarshen hanjinta ne ke ruɓar da ganyen su fitar mata da amfaninsa. Furotin na dabba yana barin yurik asid mai yawa a jikinta, ƙoda ta yi ta fama da shi har ta gaji, wani lokaci kuma ya taru a gaɓoɓi. Yaya za a ce wanda ya zauna ya haɗa abinci musamman domin iguwana bai san wannan ba?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma dole in faɗi nawa laifin. Likitan bai tsaya a kan abincin kaɗai ba. Ya tambayi shekarun fitilar UVB da ke kejin, wato fitilar da ke fitar da wani irin haske na rana wanda ido ba ya gani, na lissafa na ga ta yi wata 14. Tana haske tar kamar sabuwa, shi ya sa ban canza ta ba, alhali irin waɗannan fitilu suna rasa ƙarfin UVB ɗinsu tsakanin wata 6 zuwa 12 ko da ido na ganin haskensu. Ƙari a kan haka, akwai gilashi tsakanin fitilar da reshen, gilashi kuwa yana tare wannan haske. Idan babu shi, fatar iguwana ba ta iya samar da bitamin D3, idan babu D3 kuma kalsiyam ɗin da ta ci wucewa kawai yake yi. Wurin shan ɗuminta ma digiri 28 yake a ma'aunin Salshiyos, alhali kusan 35 ake so domin abinci ya narke a cikinta. Kuma ban taɓa jiƙa ƙwayoyin ba, ina zuba mata su a bushe, ga dabbar da mafi yawan ruwan jikinta daga ɗanyen ganye take samu. Da na dawo gida da wannan nauyi a zuciyata, na yanke cewa tauraro uku zan ba abincin, tunda ba shi kaɗai ya kwantar da ita ba.

Abin da ya sake tayar mini da hankali shi ne lokacin da na koma neman inda aka rubuta yadda ake jiƙawa. Na same shi, amma a ƙarƙashin wata takarda da aka naɗe aka manne a bayan robar, wadda sai an ɓare ta da farce, cikin rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. A nan ne aka ce a jiƙa, kuma a nan ne aka ce a riƙa haɗawa da ɗanyen ganye kullum. Wato sun sani. Sun san ba cikakke ba ne, suka rubuta "cikakke" a inda ido ke fara sauka, suka ɓoye gaskiyar a inda sai mai bincike zai kai. Na rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa haɗe da hoton ƙashin da sakamakon jinin. Bayan kwana tara aka aiko mini da amsar da ko sunan dabbar ba a ambata ba, ana gode mini da zaɓar kayansu, tare da takardar rangwame idan zan sayi wata robar.

Launin da suka zuba ma ya cuce ni ta inda ban zata ba. Kashin iguwana yana da ɓangare mai duhu da ɓangare fari mai laushi, kuma farin nan ne ke nuna halin da ƙoda ke ciki. Watanni ina ganin kashinta ya rine, ina ɗora wa launin abincin, har farin ya koma tauri kamar alli ban ankara ba.

Raba ta da ƙwayoyin ya zama wani yaƙin. Kwana goma ta yi tana kallon kwanon ganye tana kau da kai, ga rashin lafiya ga taurin kai, ina ɗura mata ruwan kalsiyam da likita ya rubuta da sirinji. Dabarar da ta yi aiki a ƙarshe ita ce in jiƙa ƙwayoyi uku ko huɗu in murje su a kan ganyen domin ƙanshin ya yaudare ta, kuma wannan ne kaɗai amfanin da zan iya shaidar abincin da shi. Yanzu kusan kashi 80 cikin 100 na kwanonta ganye ne mai duhun kore, wato kolad da mastad da dandeliyan, sauran kuma gurzajjiyar kabewa da koren wake, sai ɗan yankan gwanda sau biyu a mako. Alayyahu sai jefi-jefi, saboda sinadarin ogzalet da ke cikinsa yana riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana da shi. Kabeji ma haka, domin yawansa na iya kawo maƙoƙo. Latas ruwa ne kawai, ba na ɓata mata ciki da shi, piya kuwa ba ta shiga kejin sam, guba ce a gare ta. Ina barbaɗa garin kalsiyam marar fosfaras gwargwadon yadda likita ya tsara, na sayi sabuwar fitila, na cire gilashin, na kuma rubuta ranar da na kunna ta a jikin kejin.

Ɓarin yatsun ya daina, kumburin yana saɓewa a hankali, amma muƙamuƙin ya ƙame a karkace kuma likita ya ce haka zai zauna. Dabba ce da kan kai shekara 15 zuwa 20 idan an kula da ita, ta kuma yi tsawon mita ɗaya da rabi ko fiye, don haka duk sauran shekarunta sai na riƙa yanka mata ganye ƙanana fiye da na sauran iguwanoni. Na goge tauraro biyar ɗin da na bayar a baya. Tauraro ɗaya na bari, saboda kwanaki goman nan da ƙwayoyin suka taimaka mini na mayar da ita kan ganye, kuma rabin robar da ya rage yana nan a saman kabad, ban ba kowa ba.